Kafin a Shafa wa Tsohuwar Mota Fenti, a Auna Ƙashin Bayanta

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Kachia, ko ta Jos zuwa Pankshin, ya taɓa bin bayan irin wannan mota. A-kori-kura ce ko tsohuwar bas, fenti sabo fil, an rubuta suna a jikinta da kyau, amma in ka lura sai ka ga tana tafiya a karkace kamar kare yana sassarfa. Gabanta yana bin layi ɗaya, bayanta yana bin wani. Kana bayanta, amma kana hangen gefen cikinta. Direban kuwa ya riƙe sitiyari a ɗan murɗe, ya saba har ya manta cewa ba haka ake riƙe shi ba.

Sau da yawa ƙashin bayan motar ne ya karkace, wato ƙarfen nan na gindinta da kanikawanmu ke kira casis, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su ce shasi. Motar da ke cikin wannan hali takan cinye sababbin tayoyi a gefe guda cikin 'yan watanni. Wannan ana iya jurewa in akwai kuɗi. Abin da ba a iya jurewa shi ne ranar da direba zai taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, mota cike da mutane, ta ja shi zuwa gefen da ta ga dama.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ikilisiyoyi da dama suna da tsohuwar mota a bayan gidan fasto ko a wani lungu na harabar majami'a, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerunta. Wata Peugeot 504 ce, wata Land Rover ce da aka gada daga zamanin asibitocin mishan, wata kuma bas ce da ta yi hatsari aka jawo ta gida. Tun shekarar 2023, da aka janye tallafin man fetur aka kuma bar naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota ko da 'yar Kwatano ce ya fi ƙarfin yawancin kwamitoci, saboda haka hankali ya koma kan ta da waɗannan tsofaffi. Dabara ce mai kyau. Sai dai kuɗin da za a kashe na baiko ne da gudummawar masu ƙaramin ƙarfi, motar kuma ita za ta kai zumuntar mata taro, ta ɗauki mawaƙa zuwa biki, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Yadda aka saba, in kwamiti ya kai mota gyara, ana fara maganar inji, sa'an nan mai buga bodi, sa'an nan mai fenti da mai ɗinkin kujeru. Su ne ido ke gani, su ne kuma ma'aji zai iya nuna wa jama'a ran Lahadi. Da wuya ka ji wani dattijo ya tambaya ko an auna casis. In an cike lotsattsen ƙarfe da foti aka bi da fenti mai sheƙi, an yi kitso da ƙwarƙwata ke nan, kuma ranar da asiri ya tonu sai an sake kwance duk abin da aka ɗaura.

Ya kamata mai karatu ya san motoci iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai masu casis daban, bodi daban. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, misali ce: dogayen ƙarafa biyu ne a kwance, an haɗa su da gajerun ƙarafa da suka gitta, kamar tsani, sa'an nan aka ɗaura bodi a kai da notuna. Haka Toyota Hilux take, haka manyan motoci. Bodin tsohuwar Land Rover yawancinsa na alminiyum ne, ba ya tsatsa, shi ya sa mutum zai gan ta garau alhali kuwa tsatsa ta cinye tsanin daga ciki, musamman ƙarfen da ya gitta a can baya. Iri na biyu kuwa bodin ne casis ɗin, an walde daɓen motar da ginshiƙan ƙofofi da rufi sun zama abu guda. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 aka kuma riƙa haɗa ta a Kaduna tun 1975 har cikin shekarun 2000, irin wannan ce, haka ma kusan duk ƙananan motocin yau.

Bugu da tsatsa da yawan lodi kan ɓata ƙarfen ta hanyoyi daban-daban. In mota ta daki abu da kusurwa ɗaya, dogon ƙarfen wannan gefe yakan ja baya ya bar ɗan'uwansa. Wani lokaci tsakiyar ce ke lotsawa ƙasa kamar bayan tsohon jaki, ko gaban ya goce hagu ko dama, ko ya takure ya gajarta. Mafi wuyar ganewa ita ce murɗewa, inda gaban ya juya gefe guda bayan ya juya ɗaya gefen, kamar ana matse wanki. Kuma murɗewar ce daɓen gareji ya fi iya ɓoyewa.

Daɓe ba shaida ba ne

A manyan wuraren gyara na zamani akwai tebur na ƙarfe da ake ɗaure mota a kai, shi ne ma'aunin da ake komawa gare shi. Yawancin kanikawanmu ba su da shi. Shiga Panteka a Kaduna, ko Dilimi a Jos, ko garejojin da ke kewaye da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, za ka tarar da mutane masu hannu sosai, waɗanda za su iya ƙera maka ƙarfen da babu shi a kasuwa, amma a kan ƙasa suke aiki, ƙasar da baƙin mai ya jiƙa, taya ta haƙa, ruwan sama ya zaizaye. Inda aka zuba siminti ma, magini da gangan yake ba shi gangara domin ruwa ya wuce. Ke nan ko daɓen da ya yi sumul ba lebur ba ne.

Duk da haka, awon da aka fi yi shi ne a kafa tef ko sanda a ƙasa, a auna tsayin kusurwar hagu, a zaga a auna ta dama. In sun zo daidai a ce lafiya lau, in sun bambanta a ce casis ya karkace. Wannan awo ba motar kaɗai yake aunawa ba, ya haɗa da ramukan daɓen. Rami mai zurfin santimita 1 a ƙarƙashin tef ya isa a yanke wa lafiyayyar mota hukunci, a ɗaure ta da sarƙa a jikin bishiya ana ja har a karkatar da ita da gaske. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Haka nan kuma tudu na iya cike wa karkatacciyar mota giɓinta, a sallame ta a ce ba ta da komai.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Mutane suna ɗaukar casis kamar dutse ne, alhali tsanin ƙarfe in an cire masa bodi yana da laushin murɗawa, mutum biyu za su iya danna kusurwarsa su ga ta motsa. In aka ɗora shi a kan matokarai huɗu masu tsayi ɗaya, a kan daɓen da ba daidai ba, nauyinsa zai sa ya bi daɓen ya kwanta yadda ƙasar ta kwanta. Sai mai walda ya zo ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen da ya gitta, ya walda sabo, ya ƙara faranti nan da can domin ƙarfi. Da walda ta huce, karkatar daɓen ta shiga jikin motar ke nan, ta zauna daram. Za a ɗaura bodi a ga ƙofa ba ta rufuwa, a ga gefe ɗaya ya fi tsayi, a yi ta zargin sifirin.

Maganin wannan yana nan a kowane madafi. Mata sun san abin da ya sa murhu ke da duwatsu uku: tukunya a kan duwatsu uku ba ta rawa, komai rashin daidaiton ƙasa, kuma kowane dutse yana ɗauke da rabonsa. Na huɗun ne ke kawo gardama. Haka ake yi wa casis in ana son a ga ainihin halinsa. A tokare shi a wuri biyu a baya, hagu da dama, kusa da inda sifirin ke maƙale, a daidaita waɗannan biyun su zama tsayi ɗaya, sa'an nan a sa matokari guda a tsakiyar ƙarfen da ya gitta a gaba. Yanzu ba abin da ke tilasta shi. In kusurwar gaba ta hagu da ta dama suka tsaya tsayi ɗaya, bai murɗe ba. In ɗaya ta ɗaga, to a jikinsa abin yake. Sai dai a cire duk wani abu mai nauyi da ke gefe guda, kamar batir da tankin mai da akwatin sitiyari, gama nauyinsu zai rinjayi awon. Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashi muddin a kan uku yake. A ajiye wasu matokarai a ƙarƙashin kusurwoyin gaba, da ɗan rata kamar kaurin yatsa, domin ko ta kwana.

Tiyo da zare da tef

Tambayar da ta rage ita ce: in ba daga ƙasa za a auna tsayi ba, daga ina? Daga ruwa. Magina suna da wannan kayan aiki tun tuni, wato siririn tiyon roba mai haske da suke cika wa ruwa su fitar da layin lebur a jikin bango. Ruwan da ke cikin tiyo ɗaya, muddin bakunansa biyu a buɗe suke, yakan tsaya a tsayi ɗaya a kowane baki, ko da tsakiyar tiyon tana kwance cikin rami ko ta haura kan taya. Bai san da zaman daɓe ba. Tiyo mai tsawon mita 10, wanda faɗin cikinsa ya kai milimita 8 zuwa 10, ya ishi kowace ƙaramar mota, kuɗinsa kuma bai kai na galan ɗin fenti ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye bokiti mai faɗi a kan wani abin da ba zai motsa ba, a cika shi ruwa, a nutsa baki ɗaya na tiyon a ciki a ɗaure, a zuƙo ruwan har ya cika tiyon. Fuskar ruwan bokitin ta zama ma'auninka. Duk inda ka kai ɗaya bakin ka miƙe shi tsaye, ruwan zai tsaya daidai da na bokitin, sai ka auna daga nan zuwa ƙarfen da kake dubawa, ka rubuta. Mutum ɗaya ma zai iya. Ɗan shuɗin wanki a cikin ruwan zai sa a gan shi sosai, ɗigon ruwan sabulu kuma zai hana shi maƙalewa a jikin roba. Ruwa a cikin tiyo yakan ɗan lotsa a tsakiya, to kullum a karanta daga gindin lotsawar.

Abubuwa biyu ke ɓata wannan awo. Na farko kumfar iska, wadda ko ɗaya ce ta maƙale a tsakiya ta isa ta kawo ƙarya, saboda haka a bi tiyon da ido daga baki zuwa baki ana ƙwanƙwasa shi. Na biyu rana ce, kuma shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi. In ruwan gefe ɗaya ya sha rana ya kai digiri 40, na ɗaya gefen yana inuwa a digiri 25, a tsayin mita 1 bambancin zai kusa milimita 5. A ƙasarmu wannan ba abin wasa ba ne. A yi awon da sassafe, ko a tabbata tiyon duka yana cikin inuwa.

Wani zai ce ai akwai ma'aunin lebur mai kumfa. Akwai, yana da amfani, amma gajere ne, kuma in aka ɗora shi a kan ƙarfen da ya sha guduma, lotsawar wurin kaɗai zai nuna. In za a yi aiki da shi, a ɗora shi a kan doguwar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya da ta gitta casis ɗin, a karanta, a juya shi kai ya koma ƙafa a sake karantawa. In kumfar ta canza wuri, ma'aunin ne ke da ciwo. Yanzu akwai ma'aunin leza mai fitar da jan layi ko kore, ya yi araha fiye da dā, aikinsa kuma yana da kyau a cikin rumfa, sai dai hasken rana kan shanye layin. Na cikin wayar hannu kuwa ya isa a rataye hoto a bango, amma ni ba zan yanke wa mota hukunci da shi ba.

Da an daidaita tsayi, ana cusa gutsattsarin farantin ƙarfe a kan matokarai har ruwa ya yarda, sai a koma kan tsawo da faɗi. A nan zaren magina mai dalma a baki ne gwani. Shi ma bai damu da gangarar ƙasa ba, kullum ƙasa yake nunawa sak. A share ƙarƙashin motar, a shimfiɗa falanki ko kwali mai kauri a manne shi yadda ba zai gusa ba. Sa'an nan a zaɓi wurare takwarorin juna a hagu da dama, waɗanda kamfani ya huda da kansa: ramukan notin da sifirin ke maƙale, da ramukan awo da ke jikin dogayen ƙarafan. Kada a ɗauki bakin bamba ko gefen bodi, gama waɗannan sun sha hannu. A sako zaren daga tsakiyar kowane rami, a bari ya daina lilo, a diga alama da fensir mai tsini. In an gama, taswirar casis ɗin tana kwance a ƙasa, ana iya aunawa ba tare da inji ko salansa sun tare tef ba.

Mai lura zai ce to ai an dawo kan daɓen. Gaskiya ne, amma a wannan karon gangararsa ba ta da tasiri sosai. In ƙasa ta gangara santimita 5 a cikin mita 3, kuskuren da za ta sa a tsawon da aka auna bai kai rabin milimita ba. Abin da ke da tasiri shi ne motar kanta ta kasance lebur kafin a sako zare. In ta jirkice santimita 1 a kowace mita, wurin da ya fi ɗan'uwansa tsayi da rabin mita alamarsa za ta goce milimita 5. Shi ya sa ruwa ke zuwa kafin zare.

Sai awon gicciye, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa a kan harsashin gini ya gani. A auna daga alamar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, a auna daga ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu. Ya kamata su zo ɗaya. Wannan awo yana da ido ƙwarai, domin yana kusan ninka kuskuren. A ce alamun suna da nisan mita 2 a tsawo, santimita 80 a faɗi. In dogon ƙarfe ɗaya ya ja baya milimita 5 kacal, awon biyu za su bambanta da wajen milimita 9. A yi shi kashi-kashi, gaba daban, tsakiya daban, baya daban, domin a gane inda ciwon yake. A kuma fitar da tsakiyar kowace alama biyu ta hagu da dama, a ja zare daga gaba zuwa baya. In tsakiyoyin ba su hau layi ɗaya ba, motar ta goce gefe. Littattafan koyar da gyaran bodi sukan ba da milimita 3 a matsayin iyaka ga motocin da bodinsu ne casis. Tsofaffi masu tsani sun fi haƙuri kaɗan, amma bambancin da ya kai santimita 1 ba a kau da kai a kansa.

Awon gicciye yana da makanta guda. In mota ta daki abu gaba da gaba, ƙarafan biyu suka takure daidai wa daida, awon zai zo ɗaya alhali motar ta gajarta. Saboda haka sai an gwada da adadin da kamfani ya bayar. Tazarar tsakiyar tayar gaba da ta baya a Peugeot 504 salun milimita 2,740 ce. Ta tsohuwar Land Rover kuwa a sunanta take, gajeruwar inci 88, doguwar inci 109. Kuma ba kowane abu ne aka ƙera hagu daidai da dama ba. Tulun aksil ɗin tsohuwar Land Rover a gefen dama yake, ba a tsakiya ba, wanda ya ɗauke shi ma'auni ya ɓata tun daga farko. Renault 4, da aka sani sosai a ƙasashen renon Faransa, ita ma tun daga kamfani tazarar tayoyinta ta hagu da ta dama sun bambanta da 'yan santimita. Bakaniken da bai san haka ba zai iya kwana yana jan lafiyayyar mota.

Kafin ma a kai ga duk wannan, a duba abubuwa masu araha. Notin tsakiya da ke riƙe ganyayen sifirin in ya karye, aksil yakan zame baya a gefe guda, motar ta riƙa tafiyar kare alhali casis ɗinta lafiya lau. Zamewar santimita 1 a gefe ɗaya ta isa ta sa tayoyin baya su goce daga sawun na gaba da kusan santimita 2. Robobin bush da suka cinye, da sifirin da ya gaji, da tayoyi masu girma daban-daban duk suna kwaikwayon wannan ciwo. Alaimen kuwa, da ake yawan tura mutane su yi, saitin tayoyi ne kawai. Ba ya miƙe ƙarfe, kuma shi kansa sai a kan wuri lebur yake faɗin gaskiya.

In an zo yanka da walda

Ga 504 da ire-irenta haɗarin yana wurin cire tsatsa. Ƙarfen dokin ƙofa da daɓen motar su ne ke ɗauke da ita. Ranar da aka yanke su gaba ɗaya, tsakiyar za ta sauka, kuma in aka walda sababbi a haka, ƙofofin ba za su ƙara rufuwa daidai ba har abada. Kafin a kunna wuta, a daidaita motar da ruwa, a auna ramin kowace ƙofa ta gicciye a rubuta, a walda ƙarafan tokara a cikin ramukan na ɗan lokaci. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan. Walda tana jan ƙarfe in tana hucewa, saboda haka a fara ɗiɗɗiga ta nan da can, a sake awo, sa'an nan a cike, ana tsallake wuri ana dawowa.

Ja da sarƙa a jikin bishiya ba abin raini ba ne in an ɗaure motar sosai, ana ja kaɗan-kaɗan ana awo, an kuma kori 'yan kallo daga layin sarƙar. Abin da nake tsoro shi ne gasa ƙarfe da wutar kabaid har ya yi ja domin ya miƙu da sauri. Motocin zamani da yawa an yi su da ƙarfe na musamman wanda zafi ke kashe ƙarfinsa, kamfanoninsu kuma sun hana miƙe shi da wuta. Zai miƙu, a shafa fenti, amma a bugu na gaba zai naɗe kamar gwangwani. Motar da aka haɗa rabin wannan da rabin waccan aka walde a tsakiya kuwa, shawarata ga kowane kwamiti ita ce a bar ta a inda aka gan ta, komai arahar ta.

Wata magana da ba ta awo ba ce amma ta rai ce: bulon siminti ba matokari ba ne, yana fashewa ba gargaɗi, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kan ƙasa, a sa katako mai kauri a ƙarƙashin kowane matokari. Da damina ƙasar takan nutse cikin dare, don haka lebur ɗin jiya ba na yau ba ne, a sake gwada ruwan kowace safiya kafin a ci gaba. A kuma kula da lambar casis da aka buga a jikin ƙarfe, kada a yanke ta ko a bi ta kai da walda, in ba haka ba ranar sabunta takardu ko a shingen 'yan sanda za a sha bayani.

Ba sai ɗan kwamiti ya zama bakanike ba. A kusan kowace ikilisiya akwai magini, shi ya san tiyo da zare fiye da kowa, a roƙe shi ya ba da safiya ɗaya ya je tare da bakaniken, cikin girmamawa, gama kowa da fanninsa. A nemi a rubuta awon a takarda sau biyu, kafin a fara aiki da kuma bayan an gama walda, a sa wannan cikin yarjejeniya tun ranar ciniki, kuma kada a ba mai fenti ko sisi sai takardar ta zo. In mota ta sauka a kan tayoyinta, a sami fili mai laushin ƙasa, a share, a yayyafa ruwa, direba ya miƙe sitiyari ya bi ta kai a hankali. A motoci da yawa tayoyin gaba sun fi na baya tazara kaɗan, saboda haka sawun ba lalle ya hau kan juna sak ba, abin dubawa shi ne ratar hagu ta zo ɗaya da ta dama. In sawun bayan duka biyu ya zame gefe guda, a mayar da ita gareji kafin a biya cikon kuɗin.